Zuwa ga Bazazzagin da Ya Bar Turakarsa a Buɗe

Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Na iso Kano lafiya, ban da ƙurar Kwangila da har yanzu nake kakkaɓewa daga hulata. Na yi maka alkawarin ba zan faɗa wa kowa abin da na gani a gidanka ba, kuma ka san Bakano da riƙon alkawari. Ban faɗa ba. Rubutawa na yi.

Wata biyu kana cika min kunne a waya. "Datana ya ƙare, rautan nan ya lalace." Datar wata guda ba ta kai ka kwana tara. Ka zagi kamfani, ka zargi aljanu, ka ɗora laifi kan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Ƙarin gaskiya ne, ya taɓa aljihun kowa. Amma tsada daban, ɓata daban. Don gero ya yi tsada ba ya fita daga rumbu da ƙafarsa.

Tun kafin in yi sallama na gano ɓeran. Samari ne cike da dakalin ƙofar gidanka, kowa ya sunkuyar da kai, fuska tana haske. Na yi sallama, suka amsa ba wanda ya ɗago. Ɗaya ya manne da katangarka, ya ɗaga waya sama kamar mai duban watan Sallah. Mai shayi har ya matso da teburinsa. Kai kuwa ka fito kana gyara babbar riga, ka nuna min su da alfahari: "Ka ga yaran unguwa? Albarkar ilimi suke bi." Na ce haka ne, Malam. Ai Zariya garin ilimi ce.

Ga rautar nan a tagar falo mai kallon titi, an lulluɓe ta da ɗan leshi kamar amarya. Na yarda ta fi kama sabis a taga. Sai dai waifai ba ta san mai gida ba, ko'ina take watsuwa, kuma kowane bango da ta ratsa sai ya rage mata ƙarfi. Saboda haka dakali yana samun sanda huɗu cif, uwargida a can ƙuryar gida tana fama da sanda ɗaya, sai ta fito bakin rijiya kafin saƙo ya tafi. Shekara guda kana ciyar da titi, iyalinka suna lasar tukunya.

Na ce ka buɗe min shafin saitinta. Ka ce wane shafi? A ganinka rauta fitila ce, a kunna, a kashe, in ta ƙi a bubbuga. Sai na kifa ta na nuna maka takardar da ke manne a gindinta, wadda ba ka taɓa kallo ba tun ranar da ka kwance kwali. Komai yana nan: sunan waifai, kalmar sirrinta, da adireshin shiga. A yawancinsu 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei masu cin layi kuma galibi 192.168.8.1. Ka ƙura wa lambar ido ka tambaye ni ko ta asusun banki ce. Da na ce adireshi ne, ka ce to a wace ƙasa shafin yake, Amurka ko Sin? A cikin akwatin yake, bawan Allah. Ɗan ƙaramin shafi ne da ke zaune a cikin rautar kanta, shi ya sa ko data ta ƙare ƙarƙaf zai buɗe, muddin wayarka tana haɗe da ita. Tun 1994 aka keɓe lambobin da ke farawa da 192.168 don amfanin cikin gida, ba sa fita titin intanet. Tawa a Kano da taka a Zariya suna iya zama lamba ɗaya kuma ba za su taɓa karo ba, kamar yadda kowane gida ke da ɗakin uwargida amma ba wanda ke ɓatan kai.

Ka karɓi wayar ka rubuta lambar a akwatin binciken Google, ya kawo maka shafuka rututu, ka ce ka gani ko, ba ya yi. Na karɓa na sa ta a sama, a layin adireshin burauza. Nan take ƙofa ta bayyana tana neman suna da kalmar sirri.

A nan ne na tausaya maka, don na san inda matsalar take. Mutanen da ba su raba mace da namiji a magana, mota ne, yarinya ne, ina za su raba makulli biyu? To saurara. Kalmar sirrin waifai makullin zaure ce, wanda ka ba shi zai shigo ya sha ruwa. Wannan ta shafin saiti kuwa makullin turaka ce. Mai riƙe da ita shi ke cewa wa zai shiga wa zai fita, yana ganin makullin zauren, yana iya sauya shi, in rautar mai layi ce har saƙonnin da aka turo wa layin zai karanta. Shi ne maigida, ko da sunan wani ne a takardar fili.

Na rubuta admin a sama, na rubuta admin a ƙasa. Ta buɗe.

Yadda ka zaro ido, sai ka ce na fito da zomo daga hula. "Ya aka yi ka san sirrina?" Sirrin da kamfani ya buga wa dubban akwatuna iri ɗaya, yana kuma rubuce a littafin da ka jefar tare da kwali? Kada ka ɗauka abin wasa ne don ni nake faɗa. A 2016 an saki wata muguwar manhaja mai suna Mirai. Dabararta ba ta wuce jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 ba, irin waɗannan da na'urori ke zuwa da su daga masana'anta. Tana zagaya intanet tana taɓa ƙofa, wadda ta tura ta buɗe sai ta shige. Da haka ta tara dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci suka zama rundunarta, masu su ba su sani ba. Ranar 21 ga Oktoban shekarar aka juya irin wannan runduna kan kamfanin Dyn, sai ga Twitter da Netflix sun ƙi buɗewa a sassan Amurka. Waɗanda suka rubuta ta samari uku ne, sa'o'in na dakalinka, sun amsa laifi a kotu a 2017. Birtaniya ma sai da ta kafa doka, ta fara aiki a Afrilun 2024, ta hana sayar da na'ura mai irin wannan kalmar sirri ta kowa-da-kowa. Can doka ce ta tsaya wa irinku. Kai Allah Ya haɗa ka da Bakano.

Muka shiga jerin na'urorin da ke haɗe. Na ƙirga wayoyin gidanka da yatsu, shida. Shafin ya ƙirga 26. Ka ce ƙila wasu suna da layi biyu. Ban tanka ba, na buɗe jerin waɗanda aka toshe. Na'ura ɗaya tak ce a ciki: laftof ɗinka. Wadda ka kai wa masu gyara a PZ sau biyu, aka buɗe cikinta, aka karɓi kuɗinka, ta yi aiki lafiya lau a shago, ta dawo gida ta ƙi. Wani daga majalisa ne ya lura duk sanda ka kunna ta ƙwallo na tsayawa ana tsakiyar kai hari, sai ya shiga turakarka da admin ya kore ka daga gidanka. Wallahi da na san yaron da na ba shi tukuici.

Wanda ya buɗe musu zauren ma bai yi nisa ba. Autanka ne, ɗan shekara goma sha ɗaya. Tun daga Android 10 waya tana iya nuna makullin waifai a hoton lambar QR, wani ya haska kyamara ya shige ba tare da an furta harafi ɗaya ba. Farashinsa awara biyu kowane kai. Na daɗe ina kallon yaron nan. Ka bincika dangin uwarsa, akwai jinin Kasuwar Kurmi a jikinsa.

Ka fusata ka ce a toshe su ɗaya bayan ɗaya, kana so ka ga suna faɗuwa. Na ce aikin banza, ɗiban ruwa da kwando. Wayoyin yanzu suna iya sauya lambar shaidar da rauta ke gane su da ita, ka toshe shi da wannan fuska ya dawo da wata. Maganin a sauya makulli, kowa ya tsinci kansa a waje lokaci ɗaya. Muka fara da na turaka, sannan na zaure.

Zaɓen kalmar ya ci mana rabin sa'a. Ƙa'idar ba ta karɓar ƙasa da harafi 8, tana kaiwa har 63. Ka ce 12345678. Na yi shiru. Ka ce lambar wayarka, wadda ke rubuce da fenti a jikin ƙofar gidanka. Na yi shiru. Ka yi dogon tunani irin na manyan malamai, ka ce Zazzau1962, wai ba wanda zai tuna shekarar da aka buɗe ABU. A Zariya! Inda ko ɗan acaɓa ka tara zai ba ka tarihinta kafin ku kai Samaru. Daga ƙarshe na sa ka haɗa kalmomi biyar da ba abin da ya gama su, irin raƙumi da fura da jirgi, doguwar magana mai sauƙin riƙewa da wuyar canka. Na duba tsaron yana kan WPA2, don tsohon nan WEP tun 2001 aka gano lagonsa, kuma taka ba ta kai zamanin WPA3 na 2018 ba. Na kashe WPS, wanda lambarsa takwas ce amma tun 2011 aka nuna gwaji 11,000 ya isa a fasa ta. Na buɗe maka waifai ta baƙi daban, don ranar suna ko biki ka ba da wannan, ka rufe in an watse.

Da na danna adanawa rautar ta ɗauke, wayarka ta fita, ka dafe kai kana salati wai na kashe maka ita. Na ce ka yi shiru ka saurari waje. Da farko tsit. Sai tsaki guda. Sai wayoyi suka fara tashi sama ɗaya bayan ɗaya, duk majalisa ta koma duban wata. Kafin a kira isha'i dakalinka ya zama fayau, mai shayi yana ɗaure teburinsa a baro. Uwargida ta aiko min da dambun nama, ta ce yau ne karo na farko da ta ga fuskar 'yarta ta Kaduna a waya ba ta daskare ba.

Akwai abu ɗaya da za ka ce laifina ne, ni kuwa ban karɓa ba. Da zan tafi ka tambaye ni in ka manta sabon makullin fa? Na nuna maka ɗan ramin nan na bayanta, na ce ka sa tsinke ka danne kamar daƙiƙa goma, komai zai koma yadda yake a takardar gindi, har da admin ɗin. Wa ya ce ka sa auta ya tsaya a kanmu riƙe da tiren ruwa?

Jiya da daddare ka kira ni murya cike da nasara. Majalisa ta dawo, har da sababbin fuskoki, mai shayi ya ƙara benci. "Ka gani ko, Bakano? Na ce maka albarka suke bi." Wayoyinsu ba su manta tsohon suna da tsohon makulli ba, Malam, tsinke na taɓa ramin suka shige da kansu. Leƙa ƙasan taga, za ka ga tsinken sakace. Ina nan tafe ranar Asabar. Kuɗin mota a kanka, da mazarƙwaila ta Maƙarfi, kuma ka aiki auta Sabon Gari kafin in iso.