Kilomita 200 Kacal, Ko Kun Ƙi Ko Kun So

Na san halinku, 'yan fadar shayi na Magaria da Dungass. Ko an ce muku gari ya waye sai kun leƙa waje. To ga wata ku tauna: daga filin jirgin saman Damagaram zuwa filin Malam Aminu Kano da ke birnin Kano, in aka miƙe ta sama, kusan kilomita 200 ne. Jirgin da ke cin kilomita 800 a awa ɗaya, minti 15 sun ishe shi, ban da tashi da sauka. Kafin shayinku na farko ya dahu an isa.

Ga wani can ya ajiye kofi yana cewa, "Haba Malam! Mu da muke wuni a hanya?" Baba, wuninka daban, nisa daban. Kai ne ka tsaya a Tinkim kuna gaisawa da 'yan duwan, ka tsaya a Baɓura direba yana neman cikon fasinja, sannan taya ta yi faci. Kai kuma na Dungass, in ta Maigatari ka bi ranar Alhamis, ai ba ka wucewa sai ka taya sa ko da ba ka da kuɗin saye. Jirgi ba ya taya sa, ba ya kauce wa rami.

Yanzu ku riƙe hulunanku. Daga Damagaram zuwa filin Diori Hamani na Yamai, ta sama, ya haura kilomita 700. Ta kwalta kuwa ya doshi 900, sai an ratsa Maraɗi da Ƙonni da Doso. Wato Kano, wadda take wata ƙasa, ta fi babban birninmu kusa da mu fiye da sau uku. Kakanninku fatake sun san haka tun jirgi bai sauka Kano ba a 1925, ku ne dai kuke neman hujja.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ɗan Magaria da ya rantse sai ya je Kano ta sama. Zai yi kusan kilomita 90 zuwa arewa don ya hau jirgi, jirgin ya juyo kudu da shi, ya wuce ta gefen garinsu yana leƙen rumbunansa ta taga. Alhali tun daga ƙofar gida, Kano ba ta kai kilomita 120 ba a miƙe. Haka maniyyacin da aka ce ya tashi daga Yamai: ya sha hanya zuwa yamma, jirgi ya sake dawo da shi gabas, don Jidda na da kusan kilomita 4,000 daga Yamai, amma 3,400 ne daga Kano. Allah Ya ba da ladan ƙarin, Alhaji.

Kada kuma wani ya zo mini da lambar da ya gani a takardar matuƙa ya ce na yi ƙarya. Su da mil ɗin teku suke awo, kowane ɗaya mita 1,852, shi ya sa lambarsu take fitowa ƙarama.

Wanda har yanzu bai yarda ba, ya ari taswira wurin ɗansa ɗan makaranta, ya samo zare, ya auna da kansa. In ya tarar da gaskiyata, sukarin gobe a wuyansa.