'Yan Birni Sun Gano Murhu

Kaka ta yi, wasu irin baƙi sun fara ɓullowa a ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa. Alhaji ne da iyalinsa daga Kano, mota maƙare da tabarmi da kuloli da kujerun roba, wai sun zo shan iska a daji, su yi girki da itace kamar yadda suka gani a TikTok.

To, ina dajin? Bi hanyar Kano zuwa Daura, ka ratsa har gefen madatsar ruwa ta Tomas, da wuya ka sami taƙi ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. Inda dawar wannan ta ƙare, nan gyaɗar wancan ta fara. Gawon da Alhaji ya hango yana murnar itace kyauta, gadon mutum uku ne, ɗayansu ma yana tsaye a kan kunya yana kallonsa. Ko karan dawa ba a kwasa haka kawai. Da shi ake danga, da shi ake girkin rani, kuma kuɗi ne.

Bayan doguwar gaisuwa da ban haƙuri, aka kafa duwatsu uku. Hajiya ta durƙusa tana hura ɗanyen itace, hawaye na wanke mata hoda, yara sai tari suke. Shi kuwa gogan ya ja can inda hayaƙi ba ya zuwa, waya a hannu, yana ba da umarni: "Ƙara matsawa, hayaƙin bai fito a hoto ba."

Goggon Alhaji, wadda ta tsufa a gindin murhu, ta leƙo. Hajiya ta share ido ta ce, "Goggo, ai abincin itace ya fi daɗi!"

"Haka ne, 'yar nan. Ki aiko min da tukunyar gas ɗinki, ki tafi da murhun."

Ba a sake tayar da zancen daɗi ba.

Wani sirri kuma, kada ku ce ni na faɗa: tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, akwai kurfoti da buhun gawayi a bayan kicin ɗin Hajiya a birni. Can ana ɓoye su kada maƙwabta su ce an karye. Nan kuwa sunan abin al'ada, har da sa hoto a Facebook.

Shinkafa dai ta kama a ƙasa, sama ko tsotsewa ba ta yi ba. Tuwon dawar Goggo da miyar kuka ne suka rufa asiri. Maganar kwana a gona kuwa, sauro ya kashe ta tun kafin isha'i.

Mai niyyar zuwa baɗi, ka taho da damin itacenka, ka kwashe ledojinka, ka kuma kashe wutar da ruwa kafin ka tada mota. Amfanin shekarar wani ne tare a gefenka.