Tiyatar da Kawu Ya Yi wa Agogonsa

A layinmu, can cikin birnin Kano, ba a gardamar lokaci da Kawu. Agogon hannunsa, wanda ya sayo a Makka shekarar da ya sauke farali, shi ne alƙalin masallacinmu. In ladan ya makara da minti biyu, Kawu ba ya cewa uffan. Hannun riga kawai yake janyewa, ya dubi agogo, ya dubi ladan, ya girgiza kai. Ladan ya sha faɗa mana cewa da wannan kallon gara a fito fili a zage shi.

Kuma agogon bai ci amanarsa ba, don ya yi masa gargaɗi tun da sauran lokaci. Hannun sakan ya daina tafiya ɗai-ɗai, ya koma sai ya ɗan tsaya sannan ya tsallake biyu. Haka aka ƙera injinan agogo da yawa: da zarar ƙarfin batir ya fara sauka, sai hannun sakan ya kama tsalle, bibbiyu a yawancin na Japan, hurhuɗu a wasu na Suwizalan, alhali lokacin da yake nunawa daidai ne. Roƙo ne yake yi a canza masa batir. Kawu ya ga tsallen, ya tara mu ya nuna mana. "Kun ga kayan Makka? Yana tsufa yana ƙara kuzari."

Ranar wata Juma'a kuzarin ya ƙare a kan ƙarfe sha biyu da minti ashirin. Kawu na zaune a zaure cikin babbar riga, ya ji lasifika ta ɗauki huɗuba, ya duba hannu, ya ce limaman zamani gaggawa ta yi musu yawa. Sai da Hajiya ta leƙo ta tambaye shi ko yau ba shi da lafiya ne, sannan ya kara agogon a kunne. Ya fita da sassarfa, ya ci karo da jama'a suna dawowa, kowa da darduma a kafaɗa. Na gaba-gaba cikinsu ladan ne, ya rusuna har ƙasa ya ce, "Barka da Juma'a, Alhaji. Yau a wane masallaci aka yi?"

Da daddare aka aiko a kira ni, wai in zo in riƙe tocila.

Kawu tsohon tela ne, kuma a rayuwarsa bai taɓa kai keken ɗinkinsa wurin mai gyara ba. Rediyo, fitilar ƙwai, kwaɗon ƙofa, duk sun sha hannunsa, wasu ma sun rayu. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera wuƙar yankan farce, allura, matsefata da kwalbar man keke. Ya sa bakin wuƙa ya ɓamɓare murfin baya, ya leƙa, sai fuskarsa ta canza. Shi ya saba da cikin agogo mai shan wani, inda ƙarafa ke cike maƙil, wata 'yar ƙafa na kai da komo. Nan kuwa farar roba ce ta cinye rabin wurin, da wani ɗan inji a tsakiya.

"Sun cuce ni," in ji shi. "Rabin agogo suka sayar mini."

Ba su cuce shi ba. Ɗan injin nan abu biyar ne ke tafiyar da shi. Akwai batir mai ba da bolt 1.55. Akwai wani ɗan bututun ƙarfe, a cikinsa an rufe sili na ƙanƙarar dutse, wato kwaz, mai baki biyu, wanda in lantarki ya taɓa shi yake karkarwa sau 32,768 a kowane sakan. Ba da ka aka zaɓi lambar ba: in ka raba ta biyu, ka sake raba abin da ya fito biyu, har sau 15, ɗaya za ka samu cif. Wannan rabon shi ne aikin 'yar ƙwaƙwalwar da ke kan fanel, wadda duk sakan take tura bugun lantarki guda. Bugun ya shiga koyil, wato wayar tagulla da aka nannaɗe sau dubbai, koyil ya zama maganaɗisu na ƙiftawar ido, ya juya wani ɗan mayen ƙarfe rabin zagaye. Daga nan ƙananan giyoyi masu haƙora su kai motsin ga hannuwa. Wani injiniya Bafaranshe, Marius Lavet, shi ya ƙirƙiro irin wannan haɗin koyil da mayen ƙarfe, wato motar mai taku ɗai-ɗai.

Sirrin dutsen kuwa 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka fara gano shi a Faransa a 1880, cewa in aka matse kwaz yana fitar da lantarki. A 1927 aka haɗa agogon kwaz na farko a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, amma girmansa ba na ɗaurawa a hannu ba ne. Sai ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko ya fito da Astron a Tokyo, a kan yen 450,000, kuɗin da a lokacin zai sayi ƙaramar mota. Cikin 'yan shekaru farashi ya faɗi warwas, masu aikin agogo a Suwizalan suka ragu daga kusan 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a shekarun 1980. Abin da ya durƙusar da magina agogo na Suwizalan ke nan Kawu ya tunkara da allura da man keke.

Da farko batir ya zarga, kuma a nan ya yi daidai. Maganin ne ya zo da nasa salo. Washegari ya ɗora batirin a kan kwanon ɗaki ya sha rana, ya goge shi a jikin riga, ya mayar. Agogo ya tashi! Kawu ya yi ta zagaye tsakar gida yana nuna wa Hajiya. Zafi kan ɗan zaburar da sinadarin mataccen batir, ya yi numfashin ƙarshe, shi ke nan. Kafin a sauke tukunyar rana agogo ya koma barci.

Sai aka aike ni sayen sabo. Na samo wurin mai tebur, daga cikin kwalin nan da ake jera batura kala-kala a kai, mai lamba LR626. Wanda ya mutu SR626SW ne, wasu kamfanoni na rubuta masa 377. Girmansu ɗaya, cikinsu daban. Mai SR na sinadarin azurfa ne, yana riƙe ƙarfinsa kusan har ranar mutuwarsa. Mai LR ya fi araha, amma tun daga ranar farko ƙarfinsa ke zubewa a hankali, kuma ya fi saurin yin yoyo. Kawu bai damu da haruffa ba. Ya sa matsefatar ƙarfe ya cafki batirin sama da ƙasa, ya riƙe shi haka yana ba ni labarin yadda ya taɓa gyara injin markaɗe. Duk tsawon labarin, ƙarfen ya haɗa fuskokin batirin biyu, wuta na ƙonewa a banza. Masu sana'ar da matsefatar roba suke ɗaukarsa.

Kafin ya saka, ya hango wata 'yar leda ja-ja a ƙasan ramin batir. Ya ce datti ne, ya tsince ta ya hure. Ledar nan ita ce katangar da ke hana ƙarfen da ke taɓa ƙasan batir haɗuwa da jikin inji. Ya kuma ga wani farin gari kamar gishiri a gefe, wanda shi kam datti ne na gaske, yoyon tsohon batir. Ya kama kankarewa da allura. Ni ina riƙe da tocila, sauro ya sauka a wuyana, na motsa, haske ya kauce. Na ji Kawu ya ce, "Af."

"Kawu, lafiya?"

"Ba komai. Haska da kyau."

Ya rufe aikin da ɗigon man keke, ɗigo irin na mai yalwar hannu. Hajiya daga bakin ƙofa ta ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Bai kula ta ba. Agogon ma bai kula shi ba.

Mai gyaran da muka je wurinsa a kasuwa ba shi da shago, akwatin gilashi ne a kan tebur da benci. Ya maƙala madubi a ido ɗaya, ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya sunsuna. Sannan ya ɗago.

"Alhaji, wa ya taɓa agogon nan?"

Kawu ya gyara zaman hula. "Ka san yaran yanzu da karambani." Ya juyo ya dube ni, irin kallon da yake yi wa ladan. Mai gyara ma ya dube ni, da gemuna da komai, ya ce, "Allah ya shirya."

Abin da ya burge ni, ko da ina cikin kunya, shi ne mutumin bai yi canki-canka ba. Daga inda wuta ke fitowa ya fara, ya bi ta har inda ta tsaya. Ya ɗora batirina a mita, ya tarar ya riga ya galabaita, ya jefa shi gwangwani. Ya goge gishirin da tsinke da ɗan sifirit, ya ce wannan farin garin kaɗai yana tsayar da agogo lafiyayye, domin yana shiga tsakanin batir da ƙarfen da ke ɗaukar wuta. Ya sa sabuwar leda, ya sa batir na kirki. Agogo shiru. Sai ya ɗauko tsohuwar mita mai allura, ya taɓa wurare biyun da fanel ke miƙa wa koyil wuta. Allurar mita ta yi firgigit dama, bayan sakan ta yi firgigit hagu. "Fanel na da rai, dutse na da rai," in ji shi. Da allurar ba ta motsa ba, da zargi ya koma kan ƙwaƙwalwar ko kan silin kwaz, wanda faɗuwa a kan siminti kan iya karya shi a cikin bututunsa ba tare da an ga alama daga waje ba.

Saura koyil. Ya cire fanel, ya juya mita, ya auna. Lafiyayyen koyil na irin waɗannan injinan kan nuna tsakanin om 1,500 da 3,000. Wannan ko gezau. Waya ta tsinke. Ya miƙa wa Kawu madubin, ya nuna masa wani ɗan karce a jikin jan nannaɗin. Wayar ta fi gashin kai siriri nesa ba kusa ba, zare ɗaya ya katse an gama. "Wannan sawun allura ne," in ji shi. Kawu ya ƙura ido, ya ce lallai yaron nan ba shi da hannu.

Man keken ma sai da aka yi shari'arsa. Duk agogon wutar da yake ci ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin miliyan na amfiya ba, don haka motar ba ta da ƙarfin ture komai. Mai kauri na riƙe haƙoran giya, ya kama ƙurar hunturu ya zama danƙo. Ɗan mayen ƙarfen nan kuma duk ɓurɓushin ƙarfen da ya shigo sai ya jawo shi jikinsa. Alamar irin wannan ciwon ita ce hannun sakan ya riƙa rawa a wuri ɗaya, yana yunƙuri ba ya gaba.

Ana cikin haka wani ɗan makaranta ya zo da Casio F-91W, baƙin nan mai lambobi da ake yi tun 1989, wanda batirinsa CR2016 kan kai shekara bakwai. Ya canza batir da kansa, fuska ta ƙi nuna komai. Mai gyara ya ɗauki matsefatar ƙarfe, ya haɗa wani ɗigo mai alamar AC da bayan batir, lambobi suka fito. Kawu ya yi farat: "Ka gani? Da ƙarfe ake yi!" Sai ya tuna cewa shi bai taɓa komai ba, ya ja bakinsa.

Mai gyara ya kawo shawara a sa sabon inji gaba ɗaya. Haka ake yi yanzu, domin injina irin Miyota 2035 na rukunin Citizen suna da arahar da sau da yawa musanya su ya fi zaman wanke tsoho sauƙi. Kawu ya ce atafau. Injin da ya fito daga ƙasa mai tsarki ba za a jefar da shi a kwata ba.

"Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, injin nan a Japan aka yi shi. Ga shi a rubuce."

"To ai ya je Makka. Kai ka je?"

Mai gyara bai je ba. Ya zazzage gwangwanin matattun agogai, ya tona har ya samo inji irinsa mai lafiyayyen koyil, ya kwance na Kawu ya wanke, ya haɗa. Hannun sakan ya kama tafiya ɗai-ɗai. Ya canza robar murfi saboda ruwan alwala, ya miƙo.

Da la'asar sai ga saƙo, in zo maza. Agogo ya sake tsayawa. Kawu ya tasa ni gaba har kasuwa, tun daga nesa yake kiran mutumin macuci, maƙwabta suka fara taruwa. Mai gyara ya karɓa, ko murfi bai buɗe ba, ya sa farcen babban yatsa ya danna ɗan kan da ake murɗawa a gefe. Ƙas. Agogo ya ci gaba da tafiya. Ashe Kawu ya jawo shi ne don ya daidaita da labaran rediyo, ya manta bai mayar ba. Jawo kan nan yana yanke bugun da ke zuwa ga mota, shi ya sa masu shago ke barin sababbin agogai a haka don batir ya daɗe.

Kawu ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ai dama yana gwada shi ne, ya ga ko ya san aikinsa.

Kuɗin gyaran ya kai na batir goma na kirki, kuma tun da an yi ittifaƙi a gaban shaidu cewa ni na tsinka koyil, daga aljihuna ya fita.