Ranar da Kawu Ya Nemi Birki a Kogin Kwara

A unguwar Titirou ta birnin Parakou a ƙasar Benin, ruwan da aka sani shi ne na rijiya da na famfon da ake turowa daga madatsar Okpara. Duk da haka unguwar ta yi nata matuƙin jirgin ruwa a ƙarshen 2023. Kawuna ne, dillalin doya a kasuwar Arzeke, wanda ya yi shekara da shekaru yana kabu-kabu kafin gwiwa ta sauke shi daga babur.

Siyasa ce ta kai shi ruwa. Da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar, har da gitta mata kwantenoni. Manyan motoci suka yi cirko-cirko, amma ciki bai san takunkumi ba. Fataken Parakou da Djougou suka ci gaba da bin hanyar Kandi, tafiyar fiye da kilomita 300, su sauka bakin kogi su shiga kwalekwale. Mashigi ya cika maƙil, jirage ɗaure gefe da gefe, wasu na lodi, wasu na sauke kaya. Kawu ma ya bi sahu da doyarsa, ni aka ɗauka ɗan rakiya, mai ƙirga buhu.

Abin da Kawu bai sani ba shi ne jirgin ruwa ba shi da birki. Matuƙi kan rage wuta tun daga nesa, ya gangara ƙasa da mashigin, sannan ya juyo ya fuskanci ruwa, don ƙarfin kogin ya riƙe masa jirgin. Da yaron da ke tuƙa mu ya fara wannan zagaye, sai Kawu ya tsargu.

"Kai yaro, ina za ka kai mu? Ga Gaya can!"

"Baba, yi haƙuri, haka ake shiga."

Yaron ya miƙe zai ɗauko gora. Kawu ya dubi hannun injin, ya ga ashe murɗa shi ake yi, irin totur ɗin babur. Shi ke nan, tsohuwar sana'a ta motsa. Ya cafke ya murɗa, injin ya yi kururuwa. Ya tura hannun dama don mu yi dama, jirgi ya yi hagu, domin haka injin bayan jirgi yake: inda ka tura, kishiyarsa za ka nufa. Ƙafarsa kuwa sai laluben birki take, ta samu yatsuna ta danne iya ƙarfinta. Mata na salati, wani ɗan kasuwa ya rungume akuyarsa, mu kuma muka tafi kai tsaye muka daki cikin wani jirgi da ke ɗaure a turke, shaƙe da albasa.

Buhu ya fashe. Albasa ba ta nutsewa, sai ga ta jajawur ta bi ruwa ta nufi Najeriya ba fasfo, yaran bakin kogi na tsalle suna kamawa. Allah ya taƙaita, ba wanda ya faɗa ruwa, kuma babu mai rigar kariya ko ɗaya a cikinmu. Wannan ɓangaren bai ba ni dariya ba, don kogin nan ya sha cin mutane a hatsarin kwalekwale.

A tudu Kawu ya buɗe shari'a irin ta tasha: wai mai albasa ya yi fakin a kan hanya. Wani dattijon mashigi ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, jirgin nan tun asuba yake ɗaure. Shi ya taso ya same ka?"

Hukuncin dattijon ya yi daidai da yadda aka saba a tashoshin ruwa na duniya: idan mai tafiya ya bugi wanda ke ɗaure, mai tafiya ake fara tuhuma. Kuma ba 'yan kabu-kabu kaɗai abin ke samu ba. Ranar 2 ga Yunin 2019, ƙaton jirgin yawon buɗe ido MSC Opera ya ƙwace wa matuƙansa a birnin Venice na Italiya, ya daki gaɓa da wani ƙaramin jirgi mai suna River Countess da ke ɗaure, mutane suka ji rauni. A 2021 Italiya ta hana irin waɗannan manyan jirage bin wannan mashigi na Venice. Da na ba Kawu labarin, sai ya ce to ka gani, har Turawa.

Ya biya kuɗin albasa da na katakon da ya tsage, ribar doya ta tafi a nan. CEDEAO ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen gadar, Nijar ta bar nata a rufe, kwalekwale suka ci gaba da jigila. Wanda duk tafiya ta haɗa shi da tsohon ɗan kabu-kabu a mashigin Malanville, ya taimaka ya zaunar da shi can gaban jirgi, nesa da injin.