Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Waya, Kan Rowar Bayani

Hajiya Waya, ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa, da fatan batirinki cike yake, sabis kuma bai yanke ba. Dalilin wannan takarda ƙorafi ne guda ɗaya. Ba a kan tsadarki ba ne, ba kuma a kan yadda kike lashe data ba, waɗannan suna da ranarsu. Ƙorafin a kan rowar bayani ne da kike yi duk lokacin da kika ƙi kama Wi-Fi. Mutum ya latsa sunan netwok, ki ɗan yi juyi, ki rubuta masa "an adana", ko "an kasa haɗawa", ko wanda ya fi duka ban haushi, "an haɗa, babu intanet", sai ki yi gum. Abin da nake tuhumarki da shi kuwa, galibi kin san inda aka samu tangarɗar, faɗa ne ba ki ga dama ba.

Shiga Wi-Fi ba tsalle ɗaya ba ne. Aiki ne irin na ɗan aiken da aka tura gidan mai unguwa: ya nemo gidan, ya yi sallama, a tambaye shi wa ya aiko shi, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, sannan a duba ko maigidan yana nan. Ke ma haka kike bi. Da farko kina kasa kunne ga sanarwar da rauta ke watsawa kusan sau 10 a kowace daƙiƙa, tana faɗin sunanta. Sai ki nemi izinin shiga. Sai ku yi musayar saƙonni huɗu don a tabbatar kalmar sirrin da ke hannunki ita ce ke hannunta, bisa tsarin WPA2 da ake aiki da shi tun 2004. Sai ki roƙi adireshi, wato lambar IP, wadda rauta ke raba wa duk wanda ya shigo. Daga ƙarshe ki leƙa waje: in ke Android ce, ki aika ɗan saƙo zuwa Google ki jira amsa mai lamba 204, in iPhone ce, ki ƙwanƙwasa wani shafi na Apple. Kowane mataki sai wanda ke gabansa ya kammala yake farawa, saboda haka ba yadda za a yi ki tsaya a hanya ba ki san a ina kika tsaya ba. Ɗan aiken da ya dawo ya ce "bai yiwu ba", aka tambaye shi ko ƙofa ce a kulle ko maigidan ne ya yi tafiya, ya ɗaga kafaɗa, ai ba a ƙara aikensa.

Kada ki ce zargi ne kawai, akwai shaida a rubuce. Ƙa'idar da ku duka kuke bi, wato 802.11 wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fara fitarwa a 1997, tana da jadawali na dalilan ƙin karɓa da na kora, kowanne da lambarsa. Idan rauta ta cika ba ta iya ɗaukar ƙarin kowa, akwai lambar da take turo miki, 17. Idan musayar saƙonni huɗun nan ta tsaya ba ta ƙarasa ba, lambarta 15 ce a jadawalin kora. A ɗauki ƙaramar MiFi da ke rataye a shagon tela, wadda aka ƙayyade mata, a ce, mutum 10. Yaran shago sun hau, mai shayi na gefe ya hau, wani da aka taɓa ba kalmar sirri tun azumin bara yana bayan katanga shi ma ya hau. Mai shagon da kansa ya zo na 11, MiFi ta ce miki wuri ya cika, ke kuma kika juyo kika ce masa "an kasa haɗawa". Kalma uku, "wuri ya cika", da sun ishe shi ya gane abin yi. Haka nan idan kika shiga amma ba a ba ki adireshi ba: Android ta yi ta juyi a kan neman IP, iPhone kuwa ta laƙaba wa kanta lamba mai farawa da 169.254, wadda ba ta kai kowa ko'ina, ta ɓoye ta can cikin saiti inda sai mai bincike zai gani.

Shirun nan yana da farashi, kuma ba ke kike biya ba. Mai waya zai ɗaga ki sama, ya tsaya bakin taga, ya cire layi ya goge a riga ya mayar, abin da babu ruwansa da Wi-Fi ko kaɗan. In duk bai yi ba sai ya nufi kasuwa, irin Farm Centre ta Kano, ya miƙa ki ga mai gyara. A nan abin dariyar yake: da an haɗa ki da Wi-Fi ɗin shagon sai ki kama nan take, lafiya garau, domin cutar tana can gida a jikin rauta, ba a zo da ita ba. Mai gyara mai tsoron Allah zai ce a koma a duba rauta. Amma mai waya ya riga ya biya kuɗin mota, ba ya son komawa hannu rabbana, sai ya nace a yi filashin. A goge ki tas, hotunan biki da na suna su tafi, lambobin da ba a ajiye a wani wuri ba su bi su, a dawo gida, ki sake rubuta "an kasa haɗawa".

Na san amsarki ta farko: laifin ba nawa ba ne. Sau da yawa gaskiya ne. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da dama zangon sigina na 2.4 kaɗai suke gani, in rauta tana watsawa a zangon 5 kawai ko sunanta ba za su hango ba. Zangon 5 ɗin kuma ya fi gudu amma bango na siminti yana karya shi. Shi 2.4 tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa taka juna, 1 da 6 da 11, ga Bluetooth a ciki, ga maƙwabta kowa da tasa rautar. Sabon tsarin tsaro na WPA3, wanda ya fito a 2018, tsofaffin wayoyi ba su iya shi ba. A kan duka kuma akwai sananniyar cuta, data ta ƙare a layin da ke cikin MiFi, fitila na ci, sanduna cike, intanet babu. To amma wannan amsar tuhumar take ƙarfafawa. In laifin na wata ne, me ya hana ki nuna ta? Kuma kada mu manta akwai wanda hannunki ke ciki dumu-dumu. Tun daga Android 10 da iOS 14 kika koma ba kowane netwok lambar shaida ta aro maimakon taki ta asali, don kada a riƙa bin sawun mai ke. Niyya ce mai kyau. Sai dai a ofis ko makarantar da aka yi rajistar lambarki ta asali, kin zo da baƙuwar fuska, an hana ki shiga, ba ki kuma ce uffan ba.

Amsa ta biyu: mutane ba za su gane ba, bayani zai rikita su. Wannan raini ne, Hajiya. Mutanen da suka haddace lambobin duba kuɗi da na sayen data, suke tura kuɗi ta waya a tsakiyar kasuwa, su ne ba za su gane "rauta ba ta ba ni adireshi ba, a kashe ta a kunna" ba? Ba wanda ya nemi ki zubo musu lambobin injiniyoyi. Kuma kin riga kin nuna kin iya, tunda wani lokaci kikan ce kalmar sirri ba daidai ba ce, mutum ya duba ya ga ya sa ƙaramin baƙi a wurin babba, ya gyara cikin daƙiƙa biyar.

Amsa ta uku ita ce mai nauyi, kuma na karɓi rabinta. A tsarin WPA2, rauta ba ta cewa "kalmarki kuskure ce". In lissafinta bai yi daidai da naki ba, shiru take yi ta ƙi ci gaba, kuma shirun nan daga ɓangarenki kama yake da na saƙon da ya ɓace a hanya saboda nisa. Don haka akan samu waya ta ɗora wa kalmar sirri laifi alhali kalmar daidai take. To, a nan ba ki da tabbas. Amma kina da ma'aunin ƙarfin sigina a jikinki, kin san ko a gindin rauta kike ko ɗaki uku tsakani. Faɗin "ko dai kalmar sirri, ko nisa, matsa kusa ka sake gwadawa" ya rage wa mutum zato daga goma zuwa biyu.

Saura masu kare ki da cewa ai kashewa da kunnawa na magance kusan komai. Yana yi, domin yana tilasta muku ku faro gaisuwar daga farko, a sake raba adireshi. Amma ba ya sayen data, ba ya sauke mutum 10 daga MiFi, ba ya koya wa tsohuwar waya WPA3. Shi kuma madannin sake saita netwok da ake gudu gare shi, yana share duk kalmomin sirrin da aka adana, a Android har da duk abin da aka haɗa ta Bluetooth, sai mutum ya koma bin gidaje yana roƙo.

Buƙatarmu ke nan: in kin tsaya, ki faɗi a wane mataki, ki faɗi wa za a duba, ke ko rauta ko kamfanin layi. Kafin nan za mu ci gaba da aro wayar maƙwabci mu gwada ta a kan Wi-Fi ɗin. In ta kama, ke ce. In ita ma ta ƙi, mun wanke ki, mu koma kan rauta.

Ki gaida Caja.

Naki,
Wani daga cikin masu latsa ki