Yadda Ake Raba Sarkin Gida da Bulumboti Ba Tare da An Tara Unguwa Ba

Duk gidan da ke da yaro ɗan shekara ɗaya da rabi a Pantami yana da sarki, kuma sandar mulkinsa ita ce bulumboti, wadda wasu ke kira fida. Da ita yake kwana, da ita yake tashi, da ita yake jifan duk wanda ya ɓata masa rai. Ranar da kika karɓe ta kika miƙa masa kofi, 'yar'uwa, kin taɓo sarauta. Ihun da zai kurma, har masu kallon Gombe United a filin wasa sai sun waiwayo. Amma karɓewa dole ce, kuma tana da hanya.

Ki fara gamsar da kanki, domin uwar da ke shakka da ƙarfe biyun dare ake cin ta da yaƙi. Hukumar lafiya ta Ingila na cewa a fara nuna wa jariri kofi tun yana wata 6, a raba shi da fida idan ya shekara. Likitocin yara na Amurka sun ɗaga ƙafa zuwa wata 18. Dalilinsu na farko haƙori ne. Yaron da ya yi barci da roba a baki, madara ko shayi mai sukari na kwana a kan haƙoransa, ga yawu yana raguwa cikin barci. Na gaba na sama su fara yin tabo, su yi baƙi, su gutsire, sai a ce tsutsa ce ta ci. Na biyu, yaron da ya cika ciki da madara ba ya kallon wake, ƙwai ko kifi, daga nan ƙarancin jini ke shigowa. Bayan shekara ɗaya, kimanin rabin lita a rana ya ishe shi.

Mu kuma a nan muna da dalili na uku wanda ya fi nasu nauyi, wato wanki. Robar fida lungu gare ta, tana son buroshi da tafasawa ta minti 10, a garin da gidaje da yawa ke sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa, gawayi da gas kuma ba kyauta ba. Ga zafin Maris da Afrilu da ke lalata ragowar madara kafin a ankara, ga ƙuda, ga sarki yana jan abarsa a ƙasa ya mayar baki. Idan gudawa ta zo sai a ɗora wa haƙori laifi. Kofi kuwa ruwa da sabulu sun ishe shi, ido na ganin cikinsa duka. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita shi a kan fida. Kuma a lura, fida muke kora, ba nonon uwa ba. Shi dai a ci gaba har shekara 2, adadin da ya zo a aya ta 233 ta Suratul Baƙara.

Yanzu sai babban aiki, kuma ba yaron ba ne. Fadawansa ne. Akwai maigida, wanda da rana zai ce "ai ya girma, a raba shi da ita," da dare kuma ya ce "don Allah ki ba shi mu samu barci, sammako zan yi." Akwai yayarsa da ke ɓoye fidar a ƙarƙashin katifa don tausayi. Sai kuma shugabar fadawa, Hajiya kaka, wadda kukan jika ke sa ta taso daga ɗakinta da carbi a hannu tana cewa, "Haba, me ya yi muku? Ku ba mijina abinsa!" Kada ki yi gardama da ita, ba za ki ci ba. Ki je da safe ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Hajiya, lokacin da kuka yaye babansa, da me kuka riƙa ba shi kunu?" Za ta gyara zama ta ba ki tarihin ƙoƙo da ludayi, ta ƙara da cewa 'ya'yan da ba su san roba ba sun fi ƙwari. Nan take ki roƙe ta ta jagoranci aikin. Kin gama rabin yaƙi.

Kofin ya zama ƙarami, marar nauyi, buɗaɗɗen baki. Ki ɗauki yaron zuwa kasuwar Pantami ya nuna launin da yake so da yatsansa, domin sarki ba ya ƙin abin da ya zaɓa da kansa. Ki guji mai murfin nan da sai an tsotsa da ƙarfi, fida ce ta sauya riga. Ki cire masa riga, ki zaunar da shi a tsakar gida, ki zuba ɗan kaɗan. Zai zubar a ƙirji, zai wanke ƙafa da shi, wataƙila ya shayar da kaza. Duk karatu ne. Ki jera shi da yayyensa kowa da kofinsa, ki ce wannan na manya ne. Kishi zai ƙarasa miki.

Sannu ba ta hana zuwa. Ki fara janye ta rana, bayan 'yan kwanaki ta safe, ta dare ita ce ƙarshe don ita ce ta fi shiga ransa. Dabarar da ke aiki: duk abin daɗi, kunun gyaɗa ko madara, a kofi yake, fida kuwa ruwa zalla. Zai kalle ki kallon wanda aka ci amanarsa, ya gwada, ya jefar, ya sake gwadawa, daga baya ya gane inda daɗi ya koma. Da dare a yi wanka, a sha kunu, a goge haƙori, sai goyo da 'yar tatsuniya. Abin da yake nema a lokacin ɗuminki ne fiye da madara. Ranar da aka gama kuma, fida ta bar gidan gaba ɗaya. Wadda aka ajiye a bayan kwalla saboda ko-ta-kwana, a daren za a ɗauko ta.

Kada ki fara yana zazzaɓi, ko ana shirin tafiya, ko satin da aka haifa masa ƙani. Kada a shafa barkono ko maɗaci a roba, kada a kira masa dodo. Zuma da nonon shanu a matsayin abin sha sai ya cika shekara, nonon kuma a tafasa. Lemon kwalba ba shi da gurbi a kofin nan.

A nan raha ta tsaya: ban da ɗura. A danne yaro a cinya, a toshe masa hanci, a kwarara masa kunu yana kuka, wannan na iya tura kunun cikin huhunsa, ya jawo ciwon huhu ko ya shaƙe shi. Ko wace ce ta kawo shawarar, a ba ta haƙuri. Idan ya ƙi, a bari, a sake gwadawa anjima.

Idan kuwa ya ƙi shan komai, fitsarinsa ya ragu, idanunsa suka faɗa, ko gudawa ta kama shi, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na ORS, a kai shi asibitin unguwa a ranar, kada a jira gobe. Kai kuma maigida, daren farko da na biyu ka tashi ka karɓi yaron ka zagaya da shi tsakar gida, ka bar uwarsa ta runtsa.