Baƙon da Ba Ya Taka Ƙasa

A Jiratawa duk abin da aka shuka sai ya biya kuɗin ruwansa. Zogale na biya, albasa na biya. Shi ya sa da ƙanena ya kawo mini tsarabar wani fure daga Kwatano, wai shi okid, Baba tambaya ɗaya ya yi: "Ana miya da shi?"

Irin da ake kira Phalaenopsis ne, ɗan dazuzzukan Filifin da Indunusiya. Can a jikin bishiya yake maƙalewa, saiwoyinsa a waje suna shan iska da raɓa. Shi ya sa ɓawon itace ne cikin kofinsa, ba ko ƙwayar ƙasa. Ba ya son rana, ba a ba shi ruwa sai saiwa ta yi fari.

Ina shiga Maradi kasuwa, ashe tausayi ya kama Baba. Ya tuge shi, ya binne a lambu tsakanin albasa, ya labta masa takin awaki, ya sako ruwa.

"Kai yaro, ka bar halitta tsirara da yunwa, ba ka tsoron Allah?"

Sai da na faki idonsa na tono shi cikin dare kamar ɓarawon rogo, rabin saiwar ta fara ruɓewa.

Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, na koma da shi gindin randa, na rataya jiƙaƙƙen buhu, ina yi masa fifita. Uwargida ta raɗa masa suna: "Maigida, amarya ta tashi lafiya?"

Don in tsira da mutuncina, na faɗa wa majalisa cewa danginsa ne banila, wadda manoman Madagaska ke yi wa barbara da hannu, fure bayan fure, su sayar da ɗan karen tsada. Ban ce nawa na haifar banila ba, Allah shaida.

Sanyin dare ke sa okid fitar da kara, kuma hunturu ya yi aikinsa. Furanni suka buɗe farare tas. Washegari sai ga maƙwabci da sallama, buhu a kafaɗa, tiya a hannu, ya zo awo. Wai tun damina ya ba Baba kafin alƙalami jika biyar. Na waiwayi Baba, sai ya miƙe ya ɗauki buta, alhali ko hantsi bai dubi ludayi ba.